Lifidi da Asalin Ɗinkin Cushe a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Sana'ar haɗa ƙyalle biyu a cusa auduga a tsakaninsu, sannan a bi su da ɗinki layi-layi domin kada cushen ya zame ya dunƙule wuri guda, ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma a fagen fama ta fara yin suna tun kafin ta zama aikin shimfiɗa. Babban abin da ake ɗinkawa ta wannan hanya shi ne lifidi, wato suturar kariya mai kauri wadda ake lulluɓe doki da ita daga wuya har gwiwa, mahayin ma ya sa tasa. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowarsa, tare da sulke da kwalkwali, da zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410.

Yankin Tasawa da Mayahi ya shiga wannan tarihi sosai a ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Katsina da jihadi ya kora suka yi arewa suka kafa Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan hare-hare ba su yanke ba tsakanin waɗannan garuruwa da daular Sakkwato, kuma da yake kibiya mai dafi ita ce makamin dakaru, doki marar lifidi bai cika kaiwa bakin ganuwa ba. Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Bello ta kai wa Gobirawa farmaki a 1826, ya bayyana irin nauyin wannan kaya, har ma sai an tallafi mahayi kafin ya hau.

Hikimar aikin tana cikin cushen. An fi son audugar rimi saboda rashin nauyinta, kuma idan aka danna ta da kyau sai kibiya ta maƙale kafin ta taɓa fata, amma tana da saurin kama wuta, abin da maharba suka sani sarai. Shi kuwa ƙyallen, saƙar gida ce mai fitowa siririya daga hannun masaƙa, don haka dole a jera a haɗa gefe da gefe kafin a sami faɗin da zai rufe doki, sau da yawa kuma a ƙawata bayansa da gutsattsarin ƙyalle masu launi dabam-dabam.

Wannan tsari shi ya shata wa ɗan koyo hanya. Yaro yakan fara da tsince 'ya'yan auduga da shiɓa, wato warware ta har ta yi laushi, sannan a ba shi allura ya riƙa haɗa ragowar ƙyallen da maigidansa ya zubar, kuma ba a sakar masa sabon yadi sai layinsa ya miƙe. Hanya ce mai arha wadda ba ta buƙatar jari, kuma har yau da ƙyallen da ya rage yaran teloli suke gwada hannu, ko da yake keken ɗinki ya karɓe mafi yawan aikin allura.

Bindiga ce ta kashe lifidi, domin auduga ba ta tare harsashi, kuma bayan da sojojin Faransa suka ratsa ƙasar Tasawa a 1899 aka kafa mulkin mallaka, yaƙin dawakai ya ƙare. Fasahar ta koma ga masu katifa da matashin kai da shimfiɗar sirdi, su ma daga baya katifar soso ta rage musu kasuwa. Lifidin kansa ya tsira a hawan salla, inda 'yan lifidi suke fitowa cikin ayarin sarki, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.