Tarihin Dajinmu da Namun Cikinsa: Waɗanda Suka Tafi da Waɗanda Suka Komo

  

Dalilin wannan rubutu shi ne maganar da ta taso a kan ɗan ragowar dajin nan na bakin tabki, wanda wasu suka ce a raba shi gonaki tun da ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, wasu kuma suka ce a bar shi. Mun ga ya kamata kafin kowa ya ɗaga hannu mu koma baya, mu duba yadda dajin ƙasarmu yake a da, da abin da ya cinye shi, da abin da ya komo da wani sashensa. Yara da yawa da aka haifa a birni ba su taɓa ganin barewa ba sai a hoto, alhali kakanninsu sun kore ta daga cikin wake da hannunsu.

Tsofaffi sun gaya mana cewa a zamanin yaƙe-yaƙe, kafin zuwan Nasara, mutane ba su yarda su zauna nesa da ganuwa. Tsakanin Maraɗi da Tasawa da Katsina akwai daji mai duhu wanda ba a ratsa shi sai da ayari da makami. A cikinsa akwai gwanki, da gada, da barewa, da mugun dawa, da kura, har zaki. Jimina da raƙumin dawa kuwa suna can arewa wajen Dakwaro da Damargu. Mu faɗi gaskiya: ba tausayi ne kaɗai ya tsare waɗannan namun ba. Tsoron mahara da ƙarancin jama'a su ne babban shingen da ya kewaye su.

Amma duk da haka akwai ƙa'ida. Halbi sana'a ce ta gado, mahalba suna da sarkinsu, kuma farautar gayya tana da lokacinta, ba a fita sai an yi buɗin daji. Al'ada ce ta Azna, mun sani, kuma yawancinmu mun bar ta. Sai dai abin da ta haifar shi ne daji yana samun watannin hutu, dabba ta haihu ta yi reno ba mai damunta. Noma ma haka yake. Gona in ta gaji sai a bar ta saura shekaru, sabara da kalgo da geza su rufe ta, gamba ta tashi ta fi mutum tsawo, zomo da zabon daji da fakara su yi gida a ciki. A Damagaram kuwa har yau ana ba da labarin dokar Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, cewa ya hana sare gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya taɓa shi. Wanda ya bi ta ƙasar Matamaye da Magarya ya ga gawon da ke cikin gonakinsu, zai san maganar ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Da Faransa ta kama ƙasa a farkon ƙarni na 20, yaƙi ya kwanta, sai mutane suka fito daga cikin ganuwa suka bazu. Kowane mai gida ya ɗauki gatari ya shiga daji, ya gina rijiya, ya kafa gari. Garuruwa masu yawa a jahar Maraɗi haka aka kafa su, shi ya sa za ka ji sunan gari Gidan wane ko Garin wane. Bayan wannan sai ga haraji da kuɗi, kuɗin kuwa gujiya ke kawo su. Gujiya ta ci daji ci na gaske, musamman daga bayan yaƙin duniya na biyu har zuwa shekarun 1960, lokacin da aka kafa kamfanin SONARA a 1962. Malaman gona na wancan lokaci sun koya wa manoma su tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce, su yi shuka a layi cikin fili fetal. Manomin kirki a idon kowa shi ne wanda gonarsa ba ko tsiro ɗaya.

Sai kuma doka ta zo ta ƙarasa aikin ba da nufinta ba. Dokar gandun daji ta Faransa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, sun sa itatuwa irin su gawo a ƙarƙashin tsaron gwamnati, ko da a tsakiyar gonarka suke. In ka sare reshe ba takarda, tara ta hau kanka. An yi dokar ne don a kare itace, amma talaka ya yi nasa lissafi: itacen da ba nawa ba ne, wanda kuma zai iya jawo mini tara, gara in kashe shi tun yana tsiro kafin ido ya gan shi. Ko'ina a ƙasar nan an yi wannan lissafi, shekara da shekaru. Jama'a kuma tana ta ƙaruwa: ƙidayar 1977 ta ba da mutum miliyan 5 da 'yan kai a Nijar, ta 2012 ta ba da miliyan 17. Sauruka suka ƙare, aka matse burtali, noma ya tsallake iyakar arewa da dokar 1961 ta shata masa ya shiga ƙasar makiyaya.

Fari na 1973 da na 1984 ya tarar da ƙasa tsirara. Waɗanda suka ga yunwar da ake kira El Buhari ba su bukatar mu ba su labari. Iska tana binne shuka da rairayi sai an sake shuka sau biyu ko uku, mata suna yini neman itacen girki, a ƙarshe su dafa tuwo da kara da kashin shanu. Naman daji da ya tsira daga bindiga da mota yunwa ta kashe shi, ko ya yi ƙaura. Ko dajin Gadabeji da ke ƙasar Dakwaro, wanda aka keɓe tun 1955 mai faɗin hekta 76,000, bai iya riƙe manyan namunsa ba. Raƙumin dawa ya ɓace daga can, mariri ma haka, har a shekarar 2000 masana suka bayyana cewa ba sauran mariri a daji ko'ina a duniya sai wanda ke tsare a hannun mutane.

Gwamnati da ƙungiyoyi sun yi ƙoƙarin dashe. A kwarin Majiya, wajen Buza, an fara dasa layukan bedi a 1975 don tare iska, kuma wannan aiki ya kama. A watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, an yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawarin dashe a kowace jaha. Amma dashe a jigawa wuya gare shi. A yi reno a gandu, a ɗauko a mota, a dasa, awaki su cinye rabi, rani ya kashe rabin saura.

Abin da ya juya al'amarin ya fito ne daga ƙarƙashin ƙafafunmu. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar motarsa don ya wuce rairayi, sai ya dubi ɗan tsiron nan da muke sassabewa kowace bazara. Ya lura cewa ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare wanda saiwarsa ke raye a ƙasa, tana turo 'ya'ya kowace shekara muna kashewa. Dabarar ba ta da tsada. Ka zaɓi tsiro ɗaya ko biyu, ko har biyar, mafi ƙarfi a kan kututture, ka yanke sauran, ka rage rassan ƙasa, ka bar shi. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, cikin shekara uku ko huɗu sai ka ga itace ya fi ka tsawo. Wannan shi ne abin da muke kira sassabin zamani, ko da yake tsofaffi sun ce ba wani zamani a ciki, iyayensu sun san shi, mantawa aka yi.

Manoman farko da suka gwada an yi musu dariya, an ce ƙazamai ne, wasu ma an bi dare an sare musu itatuwan. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci a garuruwa wajen ɗari, mutane suka bar itatuwa don su sami hatsi. Da rabon ya ƙare, mafi yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga shukarsu ta tsira daga iska, sun sami itacen girki da na darni da na sayarwa, sai maƙwabta suka fara kwaikwayo ba wanda ya aike su. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 sun ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa cewa abin da ya rena a gonarsa zai amfane shi. A Dan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaro, da mata da Fulani a ciki, don hana satar itace. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na baya, a wajen 2009 suka ƙiyasta cewa gonakin da suka sake yin itatuwa a Nijar sun kai hekta miliyan 5, itatuwan kuwa kimanin miliyan 200, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. A Tawa kuma, wajen Illela, tassa da rabin wata sun raya fako da aka fid da rai da shi.

To, namun fa? Nan ne muke so a saurara da kyau, don ana yawan ƙara gishiri. Ƙananan sun komo, wannan kowa shaida ne: zomo, da kurege, da bushiya, da damo, da fakara, da zabon daji a wasu wurare, har dila ana jin kukanta da dare. Tsuntsaye sun sami wurin sheƙa, kuma shamuwa da balbela da cilakowa fara da tsutsa suke ci, aiki suke yi wa mai gona ba lada. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi ganye da fure da 'ya'ya, ƙudan zuma da bisashe su samu. Masu cewa itace yana tara jan baki ya cinye hatsi ba mu ce ƙarya suke ba, sai dai shi jan baki a ƙayoyin bakin ruwa ya fi taruwa, kuma ya yi ɓarna ko a shekarun da gonaki suke fetal.

Manyan kuwa ba su komo ba, kuma ba za su komo don itatuwan gona kaɗai ba. Itace tsaye a gonar da aka kwashe kararta, aka share ciyawarta da manjagara aka kai kasuwa don ragunan birni, inuwa ce kawai, ba mafaka ba. Dabba tana son duhuwa a ƙasa inda za ta ɓoye ɗanta, tana son ruwan da za ta sha ba kare a bayanta, tana son hanyar da za ta bi daga wannan daji zuwa wancan. Da can saura da burtali da bakin tabki su ke ba ta waɗannan. Yanzu saura ta ƙare, burtali kuma garmani ya cinye shi, ciyawar da ko akuya ba ta so.

Labarin raƙumin dawa ya isa misali. A 1996 saura 49 kacal suka rage a Afirka ta Yamma duka, suna yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Ba a cikin gandun da aka kewaye suke ba, cikin gonakin Zabarmawa suke yawo: da damina su hau tudu su ci ganyen geza da 'yan uwanta, da rani su gangara Dallol Boso su ci gawo. An hana kashe su, aka taimaki garuruwan da rijiyoyi da bashin sana'a don su haƙura da waken da suke ci musu, samari kuma suka sami aikin rakiyar baƙi. Kafin 2018 sun haura 600. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗauki 8 a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, aka kai su Gadabeji, inda rabon da a ga irinsu kusan shekara 50. Mai gonar da aka cinye wa wake yana da ta cewa, ba mu musa ba. Amma dabbar da ta fi kowace tsawo ta rayu ne a ƙasar noma, don an bar mata abincinta da hanyarta.

Mu ba raƙumin dawa muke nema a bakin tabkinmu ba. Abin da ke wurin shi ne 'yan kanya da magarya da aduwa, da kumfar gamba ta ƙarshe da ta rage a ƙasar garin, wadda mata ke yanka don zana, kuma nan ne kaɗai zabon daji ke ƙyanƙyasa. In aka raba shi, gida nawa za su samu, kuma dami nawa kowa zai ɗauka a ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta rabin damina? Muna ganin ribar ba ta kai asarar ba. Shawararmu ita ce a bar wurin a matsayin hurumin gari, a shata iyakarsa a gaban mai gari da wakilin makiyaya, a rubuta a kai wa kwamitin ƙasa na gunduma. A hana yankan gamba sai ta zubar da iri, a hana yara kwasar ƙwai da farauta da karnuka daga faɗuwar ruwa har a gama girbi. Masu gonakin da ke bin burtali kuma a roƙe su su bar taki biyu na ciyawa da sabara a gefen iyaka, don wurin ya haɗu da dajin maƙwabtanmu na gabas.

'Yan uwa na birni masu aiko da kuɗin noma, ku ma da hannunku a ciki. In kun aiko a yi muku sassabe, ku gaya wa 'yan ƙwadago su bar tsiron gawo da kalgo, don wanda aka biya a kan gona ba ya tsayawa zaɓe in ba a ce masa ba. Za a yanke maganar bakin tabki a taron da za a yi kashegarin babbar salla a ƙofar mai gari. Wanda ba zai sami zuwa ba ya aiko da ra'ayinsa a takarda ta hannun wakilin garin da yake zaune.