Boris Uvarov, masanin da ya gano asirin farin ɗango

Boris Uvarov masanin ƙwari ne ɗan asalin Rasha, wanda ya shafe kusan shekaru sittin yana bincike kan fara, tun daga gonakin kudancin Rasha har zuwa Landan, inda ya rasu a 1970. Ba a san sunansa ba a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, inda ake auna soyayyar fara da tiya, amma duk motar ma'aikatan da ke fita daga Agadas da damina don duba inda ciyawa ta tsiro cikin hamada, da tunaninsa take aiki. Abin da ya gano shi ne, farar da ke zaune ita kaɗai cikin ciyawa ba ta damun kowa, da wadda ke tasowa kamar hadari ta rufe rana ta cinye gero, halitta ɗaya ce. Cunkoso ne ke juya ta farko ta koma ta biyu.

Daga Uralsk zuwa Landan

An haife shi a ƙarshen shekarun 1880 a garin Uralsk, wanda a yau yake cikin Kazakistan. Ya karanta ilimin halittu a jami'ar San Pitasbag, ya kammala a 1910, sannan ya kama aikin yaƙi da ƙwarin gona. Aikin ya kai shi Stavropol, arewa da tsaunukan Kaukasus, yankin da fara mai ƙaura ke yi wa manoma ɓarna lokaci zuwa lokaci.

A wancan zamani littattafan masana sun lissafa fara iri biyu a yankin. Ɗaya ana ce mata Locusta danica: sau da yawa koriya ce, tana da tudu a ƙeya, tana zaman kanta. Ɗayar kuma Locusta migratoria: ta fi duhu, ƙeyarta a lotse kamar sirdi, kuma a garke take tafiya. Uvarov ya lura cewa a wuraren da garken migratoria ya yi ƙwai, wasu ƴaƴan da suka tashi a warwatse suna fitowa da kamannin danica, wasu kuma suna tsakatsaki, ba su nan ba su can. Wani abokin aikinsa, Vasily Plotnikov, da ke kiwon fara cikin keji a Tashkent, shi ma ya ga wannan sauyi da idonsa.

A 1915 Uvarov ya koma Tiflis, wato Tibilisi ta ƙasar Jojiya. Juyin juya halin Rasha da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya suka hana aikin tafiya, don haka a 1920 ya tafi Landan, ya shiga ofishin binciken ƙwari na daular Ingila. Aikinsa na yau da kullum a can shi ne tantance busassun ƙwarin da ake aikowa daga ƙasashen mulkin mallaka. Ta wannan hanya ya bayyana ɗaruruwan nau'o'in fara da ba a rubuta su ba kafin shi. A 1921 ya buga maƙalar da ta ɗaga sunansa, inda ya ce danica da migratoria kamanni biyu ne na nau'i ɗaya.

Ka'idar sauyin kama

Kafin wannan maƙala, akwai tambayar da ta gagari masana da manoma baki ɗaya: ina fara take zuwa idan annoba ta wuce? Sai a yi shekaru ba a ga garke ko ɗaya ba, rana guda kuma sama ta yi duhu. Amsar Uvarov ita ce, ba ta zuwa ko'ina. Tana nan a fili, cikin kamannin da ba wanda ke zargi.

Ya kira yanayi na farko halin kaɗaici, na biyu halin taro, aka kuma ba wanda ke tsakaninsu nasa suna. Ba da jimawa ba aka tabbatar da haka ga wasu nau'o'in, ciki har da fara ta hamada, wadda ita ce ta fi shafar Nijar. A halin kaɗaici ƴaƴanta koraye ne, manyanta masu launin ƙasa, suna gudun junansu, kuma da dare suke tashi. A halin taro ƴaƴan baƙi ne da rawaya, suna tafiya a jere kamar ayari. Idan sun yi fiffike sai su zama jajaye-jajaye, idan sun isa haihuwa su koma rawaya, kuma da rana suke tafiya.

Yadda abin ke faruwa a hamada ba wuyar fahimta. Ruwa ya sauka mai yawa, ciyawa ta fito, fara ta yi ƙwai cikin damshin rairayi, cikin mako biyu ko makamancin haka ƴaƴa su ƙyanƙyashe. Idan ruwan ya daɗe sai a yi haihuwa biyu ko uku a jere. Sannan ciyawa ta soma bushewa, ba abin da ya rage kore sai ƴan tsiraru cikin kwari da bakin ƙorama. Nan farar da ke gudun juna za ta taru dole, jiki na gugar jiki. Hali shi ne ke fara sauyawa, cikin sa'o'i kaɗan. Launi yana biyo baya, siffar jiki kuwa sai bayan haihuwa fiye da ɗaya, domin uwar da ta tashi cikin cunkoso tana gadar wa ƴaƴanta halin tun cikin ƙwai.

Girman abin da ke fitowa daga nan ya isa a ji tsoro. A ƙiyasin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara kimanin miliyan 40, kuma a yini guda yana cin abin da zai ciyar da mutum 35,000. Yana iya tafiyar kilomita 150 a rana.

Taswira a maimakon ganga

Idan garke daga cunkoso yake farawa, to akwai wurin da cunkoson ke farawa. Wannan shi ne mataki na biyu a aikin Uvarov, kuma shi ya fi amfanar Afirka. A ƙarshen shekarun 1920 annobar fara ta mamaye nahiyar. Nijar ma ba ta tsira ba: fara tana cikin musabbabin yunwar 1931 da ta hallaka jama'a a yammacin ƙasar. A wannan shekarar aka yi taron ƙasa da ƙasa na farko kan fara a Roma, aka amince ofishin Landan ya zama wurin tattara rahotanni.

Uvarov da ƴan mataimakansa, musamman Zena Waloff, suka riƙa ɗora kowane rahoto kan taswira, wata bayan wata, suna bin sawun garke a baibai har zuwa inda ya fito. Masanan Faransa da na Ingila kuma suka shiga daji don tabbatarwa. Aka gano cewa annobar fara mai ƙaura da ta fara a 1928, ta ɗauki fiye da shekaru goma tana yawo a kudu da Sahara, daga wuri ɗaya ta taso: fadamun kogin Isa na tsakiyar Mali, inda ruwa ke malala ya janye kowace shekara. Jar fara kuma an bi ta har zuwa wasu fadamu a ƙasashen da yau ake kira Tanzaniya da Zambiya. Aka kafa hukumomin da ke gadin waɗannan wurare, suna kashe fara tun ba ta yi garke ba. Manomin da ke kaɗa ganga da tayar da hayaƙi a bakin gonarsa ya riga ya makara. Rigakafin yana can nesa, watanni kafin nan.

A 1945 sashen nasa ya zama cibiya mai zaman kanta ta binciken yaƙi da fara, shi ne shugabanta har 1959.

Inda ka'idar ta gaza

Fara ta hamada ta ƙi bin wannan tsari. An yi ta neman gidanta na dindindin ba a samu ba, domin ba ta da shi. A shekarun kwanciyar hankali tana warwatse cikin ƙasashe kusan 30, daga Muritaniya har Indiya, duk inda ruwa ya sauka nan ne gidanta na bana. A 1951 Reginald Rainey, masanin da ya yi aiki tare da cibiyar, ya nuna cewa garke yana bin iska ne, iskar kuma tana kai shi inda iskoki ke haɗuwa, wato inda ruwa ke sauka. Shi ya sa fara ke shigowa Sahel tare da damina, ta koma arewa idan ta ɗauke. A watan Oktoba na 1988 iska ta kwashi wasu garkuna daga Afirka ta Yamma ta tsallake teku da su har tsibiran Karibiyan.

Wannan ba ya rage darajar Uvarov. Ya yi daidai a kan halittar, amma fatan da aka yi na samun ƴan wurare da za a tsare a huta bai tabbata ga wannan nau'i ba. Abin da ya rage shi ne sintiri. A Nijar wuraren da ake sa wa ido su ne Tamesna da tsaunukan Azbin, kuma cibiyar yaƙi da fara ta ƙasa, CNLA, ita ke tura ma'aikata can su ƙirga fara, su duba launinta, su tona rairayi su ga ko da damshi. Idan sintiri ya yi rauni, ko rashin tsaro ya hana shiga wani yanki, ana biyan kuɗin daga baya. Haihuwar da aka yi a Muritaniya, Mali da Nijar a ƙarshen 2003 ta haura arewacin Afirka, ta dawo Sahel da daminar 2004 a garkuna. An yi feshi kan hekta kusan miliyan 13 kafin a shawo kanta. A Nijar ta haɗu da ƙarancin ruwa, ta cinye makiyaya, ta ƙara tsananta matsalar abincin 2005 a jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram.

Abin da aka gano bayansa

Uvarov ya san cunkoso ne ke kawo sauyin, amma waɗanda suka biyo shi ne suka gano ta ina yake shiga jiki. Peggy Ellis, a cibiyarsa, ta nuna cewa taɓa juna ne ke koya wa ƴaƴan fara zaman taro. A 2001 ƙungiyar Stephen Simpson a jami'ar Oksfod ta riƙa shafa sassan jikin fara da ɗan burushi, ta gano cewa cinyar baya ita ce makunnin. A 2009 aka nuna cewa sinadarin serotonin, wanda ke cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ma, yana ƙaruwa a jijiyoyin farar, hali ya juya cikin kimanin sa'o'i biyu. An kuma ga cewa ƴaƴan fara da ke tafiya a jere suna cin junansu, wanda ya tsaya na baya ya cije shi, abin da ke taimakawa wajen tura ayarin gaba. Cikin dubban nau'o'in fara na duniya, waɗanda ke da wannan hali sosai ba su kai ashirin ba, kuma ba dangi ɗaya ba ne, alamar cewa halin ya samo asali sau da yawa, kowane a nasa reshe.

An zaɓi Uvarov cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila a 1950, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1961. Bayan ya yi ritaya ya zauna rubuta babban littafinsa kan fara. Kundi na farko ya fito a 1966, na biyu kuma abokan aikinsa ne suka kammala shi, ya fito a 1977, shekaru bakwai bayan rasuwarsa. Aikin tattara rahotanni da ya fara a Landan ya koma hannun FAO a Roma a 1978, kuma daga can ake fitar da bayanin halin da fara ta hamada take ciki kowane wata, wanda rahoton ma'aikatan Agadas ke shiga cikinsa.