Shekarar da Ruwa ya Hau Gungu

'Yan'uwa matasa, yawancinmu mun tashi mun tarar da tafkin Kainji a shimfiɗe, har muna ɗauka haka yake tun fil'azal. An fara ginin madatsar ne a 1964. A 1968 aka tare Kwara, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyukan bakin kogi, har Ngaski da Yawuri. Fiye da mutum dubu 40 aka tayar.

Ku dubi Gungawa. Sun san kogin nan kamar yunwar cikinsu: lokacin cikowa, lokacin janyewa, gungun da albasa take yi. Dattijon da ake zuwa tambaya wurinsa ya wayi gari a gidan bulo da wani ya zana masa, ga ruwan da bai san zurfinsa ba. Sai koyo daga fari, kamar yaro. Ba mu ce abin ya yi daɗi ba; rashi ne, kuma ya yi ciwo.

A hanyar Kafarnahum, ita ma bakin tafki, almajirai sun yi gardamar wane ne babba, da suka isa sai Yesu ya tsai da ƙaramin yaro a tsakiyarsu, kamar yadda Markus sura 9 ta nuna. Cikinsu har da ƙwararrun masunta. Mu kuwa, masu taƙama da takarda da waya, da ƙyar muke cewa ba mu iya ba, ko a gaban Ubangiji. Ku lura da yaro cikin jirgin Yelwa zuwa Warra: bai iya iyo ba, bai taɓa tuƙi ba, barcinsa yake yi a cinyar babansa.