Git da saƙon imel: yadda ake tsare lambar sirri

Yau bayaninmu kan Git ne, kayan aikin matasanmu masu rubuta manhajar kwamfuta.

Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro Git a 2005. Aikinsa kamar littafin bashin mai kanti ne: duk gyaran da aka yi, yana rubuta wanda ya yi shi, da ranar, da abin da ya canza. To, a ce ɗalibi a jami'ar Tawa yana aiki ɗaya da wansa da ke Abijan. Ana iya shirya Git ta yadda in ɗaya ya tura gyara, nan take imel ya iske ɗayan.

Ga yadda ake yi. A babbar kwamfutar da ke riƙe da aikin akwai jaka mai suna hooks. Cikinta ake sa wani ɗan umarni, post-receive, wanda ke tashi da kansa bayan kowace turawa. Akwai shiryayye da ake kira git-multimail. Sai a ba shi adireshin gidan wasiƙa, misali smtp.gmail.com, da lambar ƙofa 587 ko 465, a kunna TLS. TLS ɗin nan shi ne ambulan. In babu shi, sunanka da lambar sirrinka tsirara za su bi hanya, mai leƙe kuwa ya karanta.

Tun 2022 Google ya daina karɓar lambar sirrin Gmail ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji. Sai ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, sannan ka fiddo wata lamba ta musamman mai haruffa 16 don wannan aikin kaɗai. Ya fi kyau ma a buɗe wa aikin akwatin imel nasa na daban.

Babban kuskure shi ne rubuta lambar cikin fayilolin da ake turawa. Git ba ya mantuwa: ko ka goge ta gobe, tana nan cikin tarihi. In hakan ta faru, soke ta nan take, ka fiddo sabuwa.

Kafin a dogara da shi, a tura ɗan gyara na gwaji, a ga ko saƙo ya iso. In shiru, a duba jakar tarkacen saƙonni.

Kai kuma da ba ka aikin kwamfuta, ka riƙe wannan: lambar sirrin imel ɗinka makullin rumbunka ce, kar ka faɗa wa kowa, ko a waya.