Rubuce-rubucen Alhaji Abubakar Imam na Farko: Ina Suka Shiga?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Magana Jari Ce, ko bai karanta ba an karanta masa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda mai littafin ya soma, da kuma sauran ayyukansa na ƙuruciya da suka shige duhu.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja, maƙwabciyarmu. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1933 sai wani Bature, Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya sa gasar ƙaga labari da Hausa. Imam yana ɗan shekara 22 ya aika da Ruwan Bagaja. Tare da shi aka buga Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa.

In muka duba da kyau, Ruwan Bagaja gajerun labarai ne aka jera kamar tasbaha. Kowane gari da abin da ya faru tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama. Waɗanda suka zauna gaban malaman zaure za su ji ƙamshin Maƙamatul Hariri a ciki, don Imam ɗan gidan malamai ne, ya sha Larabci kafin boko.

Ganin haka East ya nemi aron sa zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, aka buga su daga 1937 zuwa 1939. Da malaman jami'a suka bi sawu daga baya, sai suka tarar ya ɗebo daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus, har akun nan ma asalinsa Indiya ne. Amma fa ya dafa su da daddawarmu, har ba mai cewa baƙi ne.

To, ina sauran? A Janairun 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko, ya yi shekaru yana cika shafukanta. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan zuwansa Ingila a 1943. Abin da ya faru shi ne, littafin da aka sa a makaranta shi ake ta sake bugawa, wanda ba a sa ba sai kasuwa ta manta da shi. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: hajar da ba a tambaya, ba a sarowa. Tsofaffin jaridun kuwa sai a ɗakunan ajiyar tarihi irin na Kaduna da Zariya. Imam ya rasu a 1981, sai a 1989 tarihin rayuwarsa ya fito, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.

Nan abin ya shafe mu. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, mun hayayyafa a Wuse, da Garki, da Karu, da Nyanya, ga 'ya'yanmu suna jin Hausa amma karanta ta sai da gargada. Da yawanmu kuma mun baro akwatunan iyayenmu a gida, da tsofaffin bugun Zariya a ciki, gara na ci. In mun je gida da salla, mu buɗe su. Abin da muka samu mu kawo ƙungiya a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi, a riƙa karanta wa yara.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa Aljanna makoma, amin.