Daren Sha Biyu: Wasan Shakespeare da Hausa

Daren Sha Biyu dai shi ne sunan da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya bai wa fassararsa ta Twelfth Night, wasan barkwanci na William Shakespeare. Kamfanin NNPC da ke Zariya ne ya buga ta a 1971.

An nuna wasan a birnin Landan tun a 1602. Labarin wata budurwa ne, Viola, wadda ta yi shigar maza, har wata attajira, Olivia, ta kamu da sonta.

Ɗalibai masu yin wasan da Turanci kan wahalar da kansu wajen kwaikwayon lafazin Turawan Ingila na yau, alhali masana harshe na cewa ba haka ake furta Turanci ba a zamanin Shakespeare.