Bikin Avignon: tarihin garin da ke zama dandalin wasa a kowane watan Yuli

Avignon, wanda ake furtawa Abinyon, gari ne a kudancin Faransa, a bakin kogin Rhone, mai mutane kimanin 90,000. A watan Yuli, lokacin da damina ta kankama a Maraɗi da Damagaram, can kuwa ana zafi kuma makarantu na hutu, garin kan shafe kusan mako uku yana ɗaukar nauyin ɗaya daga cikin manyan bukukuwan wasan kwaikwayo na duniya, haɗe da rawa da kiɗa. An fara bikin a 1947 da niyyar kai wasa ga talakan da ke nesa da Paris. Tun daga lokacin, kusan duk rigimar da ta taso a kansa ba ta wuce tambaya biyu: don wa ake yin sa, kuma wa zai biya?

Gari da fadarsa

Tsohon garin yana cikin ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 4, wadda har yanzu take tsaye. Daga 1309 zuwa 1377 nan ne mazaunin shugabannin cocin Katolika, inda Paparoma bakwai suka yi mulki ɗaya bayan ɗaya kafin kujerar ta koma Roma. Su suka gina ƙatuwar fadar dutse da ake kira fadar Paparoma, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1995. Babbar farfajiyar fadar, wadda ba ta da rufi, ita ce zuciyar bikin. A yau tana ɗaukar 'yan kallo kusan 2,000, kuma da dare ake wasa a cikinta.

Mafari: mako guda a 1947

Shekara biyu bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin zane-zane mai suna Christian Zervos da marubucin waƙoƙi René Char suka shirya baje kolin zane a cikin fadar. Suka nemi ɗan wasa kuma mai shirya wasa Jean Vilar ya zo da wani wasansa da ya riga ya karɓu a Paris. Da fari ya ƙi, daga baya ya dawo da shawarar kawo sababbin wasanni uku. Hukumar gari ta taimaka da kuɗi, aka yi taron a watan Satumba da sunan "makon fasaha". Cikin wasannin har da Richard II na Shakespeare, wanda kusan ba a san shi ba a Faransa a lokacin. Daga 1948 aka mayar da taron watan Yuli.

A 1951 aka ba Vilar shugabancin gidan wasan TNP na gwamnati a Paris, kuma a shekarar ne tauraron fim Gérard Philipe ya fito a Avignon cikin wasan Le Cid, abin da ya sa sunan bikin ya bazu. Ra'ayin Vilar shi ne wasa aikin hidimar jama'a ne, kamar ruwan famfo da lantarki. A gidan wasan da yake riƙe da shi ya rage kuɗin shiga, ya hana ba masu nuna kujera ɗan goro, ya matso da lokacin farawa don ma'aikaci ya samu komawa gida da wuri. A Avignon kuma aka riƙa saukar da matasa a makarantu da kuɗi kaɗan, ana kuma zama da rana 'yan kallo su yi wa masu wasa tambayoyi.

Rawa, kiɗa da fim

Kusan shekara ashirin ƙungiyar Vilar ce ke riƙe da dandalin. A 1963 ya bar TNP, ya fara buɗe ƙofa ga wasu. A 1966 Maurice Béjart ya shigo da ƙungiyarsa ta rawa, a 1967 aka fara nuna fim ɗin La Chinoise na Jean-Luc Godard a farfajiyar fadar, sannan aka ba wasan da ke tafe da kiɗa da waƙa gurbinsa. An kuma mai da tsofaffin gidajen ibada na garin wuraren wasa. Kiɗan opera kuwa yana da nasa bukukuwan a maƙwabta: na garin Orange, wanda asalinsa ya koma 1869 kuma ake yi a wani dandalin dutse na zamanin Romawa, da na Aix-en-Provence da aka kafa a 1948.

A 1968, bayan boren ɗalibai da ma'aikata na watan Mayu, iskar ta iso Avignon. Hukuma ta hana wani wasa na matashi Gérard Gelas. Ƙungiyar Living Theatre ta Amurka ta nemi yin wasa kyauta a kan titi, aka hana ta, ta tattara ta bar bikin. Masu zanga-zanga suka yi wa Vilar ihu suna kiransa ɗan kama-karya, shi da ya ƙare rayuwarsa yana neman talaka ya shiga gidan wasa. Ya rasu a watan Mayun 1971, na hannun damansa Paul Puaux ya gaje shi.

Biki biyu a gari ɗaya

Abin da ake kira bikin Avignon a yau biki biyu ne. Na farko, wanda ake ce wa In, shi ne na hukuma. Shugabansa ne ke zaɓen wasanni kimanin 40, kuma babban kaso na kuɗinsa daga gwamnati yake fitowa, da hukumomin gari da na yanki, sauran kuma daga kuɗin shiga da masu tallafi.

Na biyu, Off, ana danganta farkonsa da 1966, lokacin da André Benedetto ya nuna wasansa a ɗan gidan wasansa na Carmes ba tare da gayyatar kowa ba. Nan babu mai tantancewa: duk ƙungiyar da za ta iya hayar ɗaki tana iya zuwa. A 'yan shekarun nan wasannin Off sun kai 1,500 ko fiye a biki guda. Ɗakin ajiya, aji, shago, duk sukan zama dandali, kuma ɗaki ɗaya kan ɗauki wasanni da yawa a jere daga safe zuwa dare. 'Yan wasa da kansu ke yawo a titi cikin kayan wasa suna raba takardun talla. Ƙungiya ce ke biyan haya da masauki da abinci, da fatan masu gidajen wasa na sauran garuruwa su gani su saya. Wanda bai samu kasuwa ba da bashi yake komawa gida.

Shekarun da aka fasa

Sau biyu aka soke bikin hukuma. Na farko a 2003. A Faransa 'yan wasa da masu haɗa fitila da sauti suna da tsarin da ke ba su tallafi tsakanin aiki da aiki, muddin sun cika awa 507 cikin wata 12. Wata yarjejeniya ta watan Yunin shekarar ta rage wa'adin zuwa kusan wata 10, sai suka shiga yajin aiki. Shugaban bikin Bernard Faivre d'Arcier ya sanar da sokewa, masu otel da gidajen abinci suka tafka asara. Sai a 2016 aka maido da wata 12. Na biyu a 2020 ne, saboda annobar korona.

Afirka a Avignon

A 1985 Peter Brook ya nuna Mahabharata, wasan awa 9, a wani tsohon wurin fasa dutse a Boulbon kusa da garin, kuma Sotigui Kouyaté, haifaffen Bamako da ya tashi a Burkina Faso, yana cikin manyan 'yan wasan. A 2013 Dieudonné Niangouna na Kongo Brazzaville ya zama ɗan Afirka na farko da aka ba matsayin babban abokin tsara shirin shekara. A 2017 aka ba Afirka ta kudu da Sahara fili na musamman: Serge Aimé Coulibaly na Burkina Faso ya kawo rawar Kalakuta Republik kan rayuwar Fela Kuti, Rokia Traoré ta Mali ta kawo labarin Sunjata, Angélique Kidjo ta Benin kuma ta rufe bikin a farfajiyar fadar.

Shugaban yanzu, Tiago Rodrigues ɗan Portugal, shi ne na farko da ba Bafaranshe ba. Yakan gayyaci harshe guda kowace shekara: Ingilishi a 2023, Sifaniyanci a 2024, Larabci a 2025.

Ga masu fasahar Sahel kuwa, hanyar ta ƙara tsauri. A watan Satumban 2023, bayan juyin mulkin Yamai, aka aika wa cibiyoyin al'adu da gwamnatin Faransa ke tallafawa umarnin dakatar da hulɗa da Nijar, Mali da Burkina Faso. Ƙungiyoyin masu wasa na Faransa suka yi tir da shi. Gwamnati ta ce ba ƙaurace wa masu fasaha take yi ba, biza ce ba a iya bayarwa a ƙasashen uku, kuma wanda ya riga ya samu tasa yana iya zuwa.